Tauraron teku: sunansa kifi, amma ba kifi ba ne

Jama'a masu sauraro, akwai wata halittar ruwan gishiri da Turawan Ingila ke kira starfish, wato sun haɗa kalmar tauraro da ta kifi. Sunan ya shiga rubutun Ingilishi tun ƙarni na 16, zamanin da kusan duk abin da ke rayuwa a ruwa kifi suke ce masa. Faransawa da Jamusawa da Larabawa kuwa tauraron teku suka ce kawai, kuma su ne suka fi dacewa. A 1830 wani masanin dabbobi Bafaranshe, de Blainville, ya raɗa wa rukunin suna Asteroidea, daga Girkanci: aster tauraro, eidos siffa.

Batun tauraro dai ido ya shaida. Yawancin nau'o'insa, da suka kai kusan 1,900, hannu biyar ne da su, kodayake akwai wani a gaɓar yammacin Amurka mai hannu har 24.

Batun kifin ne ba shi da tushe. Wannan halitta ba ta da ƙashin baya, ba ƙwaƙwalwa, ba jini irin namu. Ruwan teku ne ke aiki a jikinta. Yana shiga ta wata 'yar ƙofa mai kamar rariya a gadon bayanta, ya bi hanyoyi zuwa ɗaruruwan ƙananan ƙafafu da ke ƙarƙashin hannuwa. Da su take tafiya, da su take ɓanɓare ƙwanson abin da za ta ci, sannan ta turo tumbinta waje ta baki ta narkar da naman a can. A ƙarshen kowane hannu akwai ɗan ɗigon ido mai bambance haske da duhu.

Wanda ya ɗauke ta kifi zai yi ɓarna. In aka sa ta a ruwan daɗi mutuwa za ta yi, don jikinta ba ya iya daidaita gishiri. Shi ya sa ba a ganinta a kogin Kwara ko tafkin Chadi. In aka daɗe da ita a waje don ɗaukar hoto, numfashi ke gagara, domin ta fata da ƙafafu take shaƙar iskar da ke cikin ruwa. Masu sassara ta don su rage yawanta kuma wani lokaci ƙara ta suke yi: a wasu nau'o'in, hannun da ya fita da ɗan yankin tsakiyar jiki yakan tsiro ya zama cikakkiyar halitta cikin watanni ko shekara.