Ratar da ke kan gada ba tsagewa ba ce

Jama'a, salamu alaikum. Hoton nan ya iso wayarku ko? Wani ya sunkuya kan gada, ya ɗauki wata rata da ta ratsa gudron daga wannan gefe zuwa wancan, sai murya ta biyo baya wai gada ta tsage, kowa ya yi ta kansa. Wani kuma ya rantse yana cikin cunkoso kan gadar Kennedy ta Yamai, gingimari ta wuce, ya ji ƙasa na rawa ƙarƙashin kabu-kabunsa. Bai yi ƙarya ba. Rawar akwai ta, ratar ma akwai ta, kuma duk da sanin injiniya.

Mu ɗan kewaya ire-iren gadoji da sauri kafin mu dawo gida. Wannan mai lanƙwasa ita ce gadar baka: nauyi na bin lanƙwasar ya sauka gefe biyu, dutse na danne dutse. Maginanmu na soro sun san ta, ita ce bakan gizo. Romawa sun gina Pont du Gard a Faransa da wannan dabara kusan shekara 2000 da suka wuce, ga ta nan tsaye. Wannan mai ƙarafa a gicciye kuwa, ku ƙirga, duk kusurwa uku-uku ne, don shi ne fasalin da ba ya karkacewa in an danna shi. Jirgin ƙasa na son ta. Sai masu igiya, iri biyu. A Golden Gate ta Amurka, ta 1937, an rataya hanya ga manyan igiyoyin ƙarfe biyu da aka ɗaure a tudu, mita 1280 babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakani. A gadar Lekki ta Legas kuwa igiyoyin sun miƙe kai tsaye daga hasumiya zuwa hanya. Su ne masu kyan hoto, amma a ganina wanda kogi ya ba shi wurin kafa ginshiƙi ba shi da dalilin kashe wannan kuɗi.

To mu a Yamai fa? Kennedy ta 1970, gadar Sin ta 2011, da ta Seyni Kountché ta 2021, duka shimfiɗa ce aka ɗora kan ginshiƙai. Ita ce mafi sauƙin gani, kuma ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta.

Ku dubi sosan katifar nan. Na ja masa layuka a tsaye, na ɗora shi kan bulo biyu. Yanzu zan danna tsakiya. Kun gani? A sama layukan sun matsu, a ƙasa sun buɗe. Haka duk shimfiɗar gada take yi in mota ta hau: samanta na matsewa, ƙasanta na miƙewa. Kankare gwani ne wajen jure matsi, amma in aka ja shi, ƙarfinsa kusan kashi ɗaya cikin goma ne kawai na wancan. Shi ya sa ake jera rodi a ƙasan shimfiɗar, inda jan yake. A manyan gadoji har igiyoyin ƙarfe ake zurawa cikin kankaren, a ja su tamau a ɗaure, ya zamana yana matse tun mota ba ta hau ba. Wani Bafaranshe, Eugène Freyssinet, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1928.

Ke nan in gingimari ta hau, shimfiɗa na ɗan lotsawa, in ta wuce ta koma. Wannan komawar ce kuke ji a ƙafa. An lissafa ta tun a takarda.

Yanzu ratar, kuma nan nake so ku ajiye shayin ku saurara. Ƙarfe da kankare suna ƙara tsawo in sun ji zafi, suna raguwa in sun ji sanyi. Shimfiɗa mai mita 100, in zafi ya ƙaru da digiri 30, tana ƙara kusan santimita 3 da rabi. Ku tuna asubahin Janairu, lokacin da kowa ke naɗe cikin bargo, sannan ku tuna azahar ɗin Afrilu da ke haura digiri 40. Gadar Kennedy mita 710 ce. Ku yi lissafin da kanku: abin na kai wajen santimita 25, kusan taƙi guda da ɗori. Wannan tsawo dole ya sami inda za shi. In aka cike ko'ina tam, shimfiɗa za ta tunkuɗi 'yar uwarta har bakin kankare ya farfashe. Saboda haka ake raba ta gunduwa-gunduwa, a bar rata, a rufe da haƙoran ƙarfe ko roba. Wancan "gaf-gaf" da taya ke yi in za ku Harobanda, can ƙetaren kogi, shi ne.

Ga abin da ba a gani daga sama. Mu leƙa daga cikin kwalekwale. Shimfiɗar ba a like take da kan ginshiƙi ba, tana zaune ne kan wasu matasai na baƙar roba masu faifan ƙarfe a ciki, su ke ba ta damar zamewa gaba da baya. Wanda ya auna ratar da asuba ya sake aunawa da la'asar zai tarar ta ɗan tsuke.

Ni abin da zai tayar mini da hankali daban ne. Ratar da yashi da leda suka cike har ta kasa tsukewa. Jan tsatsa da ke zubowa daga jikin shimfiɗa, don rodi in ya yi tsatsa kumbura yake, ya ɓamɓare kankaren da ya rufe shi. Gingimari mai lodi fiye da ƙima. Sai babbansu, ruwa. In kogi ya cika ya batse, kamar a daminar 2020, yana kewaya gindin ginshiƙi da ƙarfi yana kwashe yashin da ke wurin. Wannan zaizaya na cikin manyan abubuwan da ke kayar da gadoji a duniya, shi ya sa ake kafa tushen ginshiƙi can ƙasa da zurfi, a jibge manyan duwatsu kewaye da shi, kuma bayan kowace ambaliya ya kamata a koma a auna.