Kuɗin da Bai Shigo Tukunya Ba Tukuna: Lissafin Bi ko Ajiye Kati a Foka

Jama'a, barkanku da war haka daga nan Yamai. Ku ɗauka muna zaune gaban tebur. Wasan foka ne, samfurin Texas Hold'em: kowa na riƙe da kati biyu a ɓoye, ana buɗe biyar a tsakiya. Kartar duka 52 ce, alama huɗu, kowace alama kati 13.

Ga halin da kake ciki. A hannunka akwai as da 10, duka masu alamar zuciya. An buɗe huɗu a tsakiya, biyu daga cikinsu zuciya ne. Zuciya ɗaya ta rage maka ka cika biyar masu alama guda, kuma kati ɗaya ne ya rage a buɗe. Kuɗin da ke tsakiya, wanda za mu riƙa kira tukunya, jikka 6 ne. Abokin karawarka ya tura jikka 3. Ka bi, wato ka zuba jikka 3 kamar shi, ko ka ajiye katinka?

Fara da ƙidaya katunan ceto, wato waɗanda za su cika maka hannu idan sun fito. Zuciya 13 ce, ka ga huɗu, saura 9. Katunan da idonka bai gani ba 46 ne. Wato 9 na cetonka, 37 na kashe ka. Masu wasa na da gajeriyar hanya: ninka katunan ceto sau biyu idan kati ɗaya ya rage, 9 ya zama kashi 18 cikin ɗari. Ainihin adadin 19.6 ne, bambancin ba ya ɓata shawara.

Yanzu abin da ake kira ƙimar da ake tsammani. Tunanin ya tsufa, tun wasiƙun da Pascal da Fermat suka yi wa juna a Faransa a 1654. Ma'anarsa kada ka auna hannu ɗaya. Ka ɗauka an maimaita wannan hali sau 46, kowane kati ya fito sau ɗaya. Sau 9 ka kwashe jikka 9, ka tara 81. Sau 37 ka zubar da jikka 3, ka rasa 111. Giɓin jikka 30 ne. Raba shi gida 46: duk lokacin da ka bi, kana asarar kusan sefa 650, ko da a daren nan zuciyar ta faɗo ka yi murna.

To me ya sa gwanaye ke bi a wani lokacin? Saboda akwai sauran zagaye ɗaya na zuba kuɗi. Ku tuna mai sayen albasar Galmi lokacin kaka, ya adana ta a rumbu. Farashin watannin gaba yake hange, kuma dole ya cire wadda za ta ruɓe. Haka nan a teburin: kana sayen kati da tsada yanzu, kana hangen abin da za ka karɓa idan ya fito.

Nawa ne wannan abin? Ɗauki giɓin jikka 30, raba shi da sau 9 da za ka ci. Ya ba ka kusan sefa 3,330. Wannan shi ne ƙarin da dole ka fitar daga aljihun mutumin a zagayen ƙarshe, a matsakaici, kafin ma ka dawo da uwar kuɗi. A nan ne mutane ke yaudarar kansu, don haka mu tsaya kaɗan. Ka ce za ka tura jikka 6 idan zuciya ta fito. Madalla. Idan rabin lokaci kawai yake biya, matsakaicin jikka 3 ne, bai kai ba. Sai idan yana biya sau biyu cikin uku ka samu jikka 4, ka haye da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, wajen sefa 130 a kowane bi.

Kafin ka tura ko dala, leƙa gabansa. Idan jikka 2 ce ta rage masa, zancen ya mutu, domin ba ka iya cin abin da babu. Sannan ka dubi halinsa: mai taurin kai da ba ya iya rabuwa da as biyu zai biya ka, mai tsoro kuwa da ya ga zuciya ta uku a tebur zai janye hannu kamar ya taɓa garwashi. Shi ya sa jeri, wato kati biyar masu bin juna, ya fi kawo kuɗi duk da cetonsa 8 ne: ba ya nuna kansa a fili. Wurin zama ma na da tasiri. Wanda ke magana a ƙarshe ya ga abin da ɗayan ya yi, shi ke yanka farashi.

Akwai kuma ramin da ya fi cin mutane. Canza katinka zuwa 7 da 6 na zuciya. Zuciyar ta fito, ka cika, ka tura duk abin da ke gabanka, sai ya buɗe as da sarkin zuciya. Zagayen da ka ƙirga a matsayin riba shi ya kwashe ka. Ko kuma yana riƙe da biyu masu lamba ɗaya da wani kati na tsakiya. A nan zuciya biyu daga cikin taranka sun lalace, domin duk wadda ta maimaita lambar da ke tebur hannunsa take ɗagawa sama da naka. Ceto ya koma 7, ƙarin da kake bukata ya ninka.

Wannan lissafin ne kuma ke aiki tun kafin a buɗe tsakiya. Da 5 biyu a hannu, samun 5 na uku a buɗewar farko, wato kati uku na farko na tsakiya, kashi 11.8 ne cikin ɗari, kusan sau ɗaya cikin takwas da rabi. Amma ba kullum za a biya ka ba, kuma ba kullum ukun ke ci ba. Don haka da yawa daga ƙwararru ba sa bi sai abin da ke gaban kowannenku ya kai ninki 15 na kuɗin da za a biya: jikka ɗaya a tebur, aƙalla jikka 15 a gabansa da gabanka.