Daga Indararo Zuwa Kwazazzabo: Zama Lafiya da Muhalli a Cikin Garin Gombe

Assalamu alaikum, masu kallo. Wannan ramin da kuke gani, wanda ya raba unguwa gida biyu har ya bar bangon wani gida yana reto a bakinsa, shi ne abin da mutanen Gombe suka sani da kwari ko kwazazzabo. Duk wanda ya zauna a wajajen Malam Inna, Kagarawal ko bayan Kwalejin Ilimi ta Tarayya ya san yadda irinsa yake cin ƙasa a kowace damina. A wannan shiri za mu bi sawun ruwan da ya haƙa shi, mu koma da baya har inda ya faro, domin a can ne mazaunin birni yake da abin yi da hannunsa.

Yanayin wurin da garin yake zaune shi ne farkon bayani. An mayar da hedikwatar masarautar Gombe zuwa wannan wuri a shekarar 1919, bayan zamanta a Gombe Abba da kuma Nafada, kuma garin yana kwance ne a ƙasan tudun Akko da ke yammacinsa. Saboda haka ruwan da ya sauka a kan tudu dole ya gangaro ya ratsa cikin gari ya nufi gabas. Ƙasar kuma rairayi ce mai saurin zubewa. Muddin akwai ciyawa da saiwar itatuwa a kanta tana riƙe kanta, amma da zarar an share ta sai ruwa ya yi ta kwasarta. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a ranar 1 ga Oktoba, 1996, jama'a suka yi ta kwararowa, aka yanka gonaki aka mayar da su filaye, aka rufe filayen da kwano da siminti. Ruwan da a da yake nutsewa a inda ya sauka ya rasa wurin shiga, sai ya taru ya zama ambaliya.

Yana da kyau mu yi lissafi, domin yawancinmu ba mu san yawan ruwan da yake sauka a kan gidajenmu ba. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce cif. Ruwan da Gombe take samu a shekara, a matsakaici, ya haura milimita 800. Idan rufin gida ya kai murabba'in mita 100, wanda bai wuce na madaidaicin gida ba, to yana tara lita 80,000 a damina guda, wato jarka 3,200 mai cin lita 25. A yawancin gidaje wannan ruwa duka yana bin indararo ya faɗa kan daɓen siminti, ya fita ta kafar bango zuwa lungu, ya haɗu da na maƙwabta. Bayan 'yan watanni kuma, a tsakiyar bazara, mai gidan nan ne zai tsaya a ƙofa yana ciniki da ɗan garuwa, ko yana jiran famfon da ake turo wa ruwa daga madatsar Dadin Kowa ya kawo.

Ba wanda zai iya adana lita 80,000 a gidansa, kuma ba a buƙatar hakan. Abin da ake so shi ne a rage wa ruwan gudu, a tare wani a tanki, a bar wani ya shiga ƙasa. Makwararin ruwa da aka kafa a bakin kwano ya sauko da bututu zuwa tanki ko duro yana isar gida wanki da wanke-wanke na kwanaki bayan kowane ruwa. Sharaɗi biyu ne a nan. Ruwan farko, wanda yake wanke ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye daga rufi, a bar shi ya wuce. Sannan a rufe bakin tankin ruf, domin buɗaɗɗen ruwa wurin haihuwar sauro ne, kuma babu hikima a magance ƙarancin ruwa a jawo zazzaɓin cizon sauro. Wanda zai sha daga ciki kuwa sai ya tafasa.

Ragowar da tanki ba zai ɗauka ba shi ne ya kamata a bai wa ƙasa. A nan ne al'adar da ta shigo ta shafe tsakar gida da siminti daga bango zuwa bango take yi mana illa. Ana yin ta ne don tsafta da gudun taɓo, kuma dalilin abin fahimta ne, sai dai daɓen yana shan zafin rana tun safe ya riƙa sakinsa da dare, shi ya sa a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, mutum zai fito tsakar gida da tabarma ya tarar ƙasan ma turiri take yi. Mai gini zai iya daɓe hanyar da ake bi da wurin wanki, ya bar wani sashe a buɗe. A wannan sashe ana iya haƙa rami a cika shi da tsakuwa da fasassun bulo, a juyo da ruwan indararo cikinsa, da sharaɗin ya yi nesa da harsashin gini kuma ya yi nesa da masai da rijiya.

Gwamnati ta kashe maƙudan kuɗi wajen gina manyan magudanai a cikin wasu kwazazzabai, da farko a ƙarƙashin shirin yaƙi da zaizayar ƙasa mai suna NEWMAP, daga baya kuma shirin da ya gaje shi, ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 da dala miliyan 700 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Aikin ya ceci gidaje da dama. Amma magudanar kankare tana karɓar abin da aka turo mata ne kawai, kuma idan aka ci gaba da haƙar yashi a gindin kwari, ko zuba shara a cikinsa da sunan cike shi, sai ruwa ya nemi wata hanya ta gefe. Abin da yake riƙe bakin kwari a kan kuɗi kaɗan shi ne ciyawa mai zurfin saiwa irin jema da gamba, tare da hana dabbobi tattake wurin har ta kama.

Yanzu sai batun itace, wanda shi ne ya fi kowane abu cin moriyar ruwan da aka bar wa ƙasa. A shekarar 2019 gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya ta ƙaddamar da shirin Gombe Goes Green, wanda aka fi sani da 3G, da nufin dasa itatuwa miliyan ɗaya a kowace shekara, kuma Gombe da Bauchi suna cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka ya ratsa. Irin dashe bai yi wuyar samu ba. Inda gizo yake saƙa shi ne ranin farko. Ranar dashe kowa yana wurin, ana ɗaukar hoto, amma daga Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin da awaki suke yawo da yunwa, gara tana neman danshi, iskar hunturu tana busar da komai, ba kasafai ake ganin mai ban ruwa ba. A ganina adadin da ya kamata a riƙa tambaya a kai shi ne na itatuwan da suka ga damina ta biyu da ransu.

Dabarar raya dashe ba ta da tsada. A haƙa rami mai faɗi tun kafin ruwa ya zauna, a cakuɗa ƙasarsa da ruɓaɓɓen kashin dabbobi, a dasa a watan Yuni ko Yuli, a kewaye shi da ƙaya ko tsofaffin bulo ko waya, a rufe gindinsa da busasshiyar ciyawa don danshi ya daɗe. Ruwan da za a ba shi kuwa yana nan a gida muna zubarwa. Ku dubi wannan masallaci na unguwa, inda aka ja ɗan siririn bututu daga wurin alwala zuwa gindin dogon yaro guda biyu. Sau biyar a rana ruwa yana isa gare su ba tare da wani ya ɗauki bokiti ba, kuma a ƙarƙashinsu ne dattawa suke zama tsakanin Azahar da La'asar. Ruwan ɗauraya da na wankin shinkafa da hatsi su ma suna yi, ban da mai yawan sabulu ko bilic. Malamai sukan tunatar da mu hadisin da ya inganta cewa duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga gare shi, ya zama sadaka a gare shi.

Zaɓen irin itacen ma yana buƙatar tunani. Dogon yaro, wanda asalinsa daga yankin Indiya yake, ya karɓi ƙasarmu saboda jurewar fari, kuma ya dace da bakin titi da ƙofar gida. A cikin ƙaramin gida kuwa zogale da gwanda da gwaba da lemun tsami sun fi dacewa, domin ba sa fasa bango kuma suna shiga tukunya. Cediya da durumi da gamji inuwarsu ba ta da na biyu, amma saiwarsu tana ɗaga daɓe ta shiga masai, don haka wurinsu shi ne filin makaranta da dandali. Itatuwanmu na gado irin tsamiya da ɗorawa da kaɗanya da kuka suna jinkirin girma, shi ya sa ba a cika dasa su ba, kuma shi ya sa wanda ya sayi fili ya tarar da ɗaya a ciki ya kamata ya sa mai zanen gini ya kauce masa.

Ɗan haya, wanda ba shi da ikon fasa daɓe, zai iya yin noman buhu. Buhun hatsi da aka huhhuda gindinsa, aka cika da ƙasa da taki, yana ɗaukar tattasai ko tumatir ko alayyafo ko yakuwa, kuma ranar tashi a ɗora shi a Keke Napep a tafi da shi. A guji buhun da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari, kuma kada a ba ganyen da za a ci ɗanye ruwan kwata. Takin ma daga kicin yake fitowa: ɓawon doya da na albasa, guntun ganye da ɗan toka, idan aka tara su a tsohon bokiti ana juyawa, suna ruɓewa cikin 'yan watanni.

Da zarar an cire abin da yake ruɓewa, sai a ga cewa sharar gida ba ta da yawa. Ƙarfe da gorunan roba 'yan jari bola suna saye. Abin da ya rage, wanda ya fi kowanne ɓarna, ita ce leda. Ita take toshe kwalbati har ruwa ya hau titi ya shiga shaguna, ita mahauta suke tararwa a dunƙule a cikin tumbin shanu da awaki, kuma ƙona ta a lungu yana sa yara da masu asma shaƙar hayaƙi mai guba. Tsaftar ƙarshen wata tana kwashe wadda ta riga ta taru, amma uwargidan da ta tafi kasuwa da kwando, ko yaron da aka aika sayen ƙosai da kwano, sun hana ta shigowa tun farko.

Maganar gawayi ta fi wuya, kuma bai dace a yi ta da ɗaga murya ba. Kowane kilo na gawayi da aka ƙona a ramin gargajiya ya cinye kilo biyar na itace ko fiye, kuma masu sana'ar sun fi neman itatuwa masu tauri irin ƙirya da marke, wani lokaci har da kaɗanya. Buhunan da ake jibgewa a bakin hanyoyin shigowa gari dajin ƙauyuka ne ake kawo mana. Sai dai tsadar iskar gas ta mayar da gidaje da yawa kan kurfoti, kuma cewa matar da ke lissafin kuɗin cefane ta koma gas magana ce da ba ta da amfani a gare ta. Abin da yake hannunta shi ne ingantaccen murhu mai rufin yumɓu a ciki wanda yake tsare zafi, jiƙa wake tun dare, rufe tukunya, da kashe ragowar garwashi a ajiye don gobe. Hayaƙin girki kansa cuta ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta kashe mutane kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020. Shigar da garwashi ɗaki a rufe ƙofa lokacin sanyi kuwa yana iya kashe mutum a cikin barcinsa, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari.

Idan aka ce yara su san halittun daji, hankali yakan tafi Yankari a jihar Bauchi, inda giwaye da ruwan ɗumi na Wikki suke, ko dajin Kanawa da ke kusa da mu a ƙaramar hukumar Yamaltu Deba. Zuwa can abu ne mai kyau ga wanda ya samu hali. Amma gidan da yake da itace ɗaya da kaskon ruwa a gindinsa lokacin bazara zai tara kurciya da ƙananan tsuntsaye kala-kala a kowace safiya, kuma yaron da ya saba kallonsu zai fara bambanta su da kukansu. Shamuwa, wadda manoma suke ɗaukar zuwanta a matsayin albishir na damina, tana yin ranin ne a kudancin Afirka, sannan ta dawo ta yi sheƙa a kan dogayen itatuwan cikin gari, kusa da mutane.

Ungulu kuma labarinta ya sha bamban. Masu shekaru arba'in zuwa sama sun tashi suna ganinta jere a kan rufin mahauta da kasuwa, amma yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganinta ido da ido ba. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta saka irin ungulun da muka saba da ita a cikin jerin tsuntsayen da suke dab da ƙarewa. Ana kama ta ana sayar da sassan jikinta ga masu tsubbu, tana mutuwa idan ta ci mushen da aka sa wa guba, sannan dogayen itatuwan da take kwana a kansu ana sare su yayin yanka filaye. Aikin da take yi kyauta, wato cinye mushe da ragowar yanka kafin su ruɓe, yanzu ya koma hannun karnuka da ƙudaje, ko kuma ya zauna a bakin kwata har sai an biya wani ya kwashe.