Baƙon da Ya Ce Ya Ƙoshi: Zango Guda a Gidan 'Yan Denmark

Wani malamin jami'a ne ya gabatar da wannan lacca ga ɗaliban da ke shirin tafiya karatun musaya. An rubuto ta daga muryar da aka naɗa.

Salamu alaikum. Na baya kuna ji na? To, madalla.

Batun fom da biza, ofis ya fi ni sani. Abin da zan ce kawai, da kun sauka ku nemi lambar CPR, wato lambar rajistar mazauna Denmark, domin da ita ake ba ku katin asibiti mai ruwan ɗorawa, da ita ake buɗe asusun banki. Ni zaman gida zan yi muku magana a kai. Wata biyar na yi a Kofanhegan, daga ƙarshen Agusta zuwa Janairu, a hannun wasu mata da miji masu 'ya'ya biyu da kare ɗaya.

Daren farko, ƙarfe shida daidai aka zauna cin abinci. Kifi ne da dankalin Turawa. Na ɗan taɓa kaɗan, irin cin baƙo. Uwar gida ta ce in ƙara, na ce na ƙoshi, ina jira ta matsa mini kamar yadda gwaggona za ta yi. Sai ta ce to, ta kwashe kwanukan. Wallahi da biskit ɗin jirgi na kwana. Ku yi dariyarku, ni ranar ban yi ba.

Ba rowa ba ce. Mutumin Denmark yadda ka faɗi magana haka yake ɗaukarta. Mu an tarbiyyantar da mu da kunya da kawaici, a gida kuwa ado ne, saboda wanda kake yi wa ya san fassararsu. Can babu mai fassara maka shirunka.

Ga misalin nama. Ƙasar mutum wajen miliyan 6 ce, kuma aladunta sun fi mutanenta yawa. Akwai wani abu da suke shafa wa baƙin burodinsu da rana, leverpostej, hantar alade ce aka niƙa, ido ba zai gaya maka ba. Kwana uku ina zame wa teburi da dabara, har matar ta zaci girkinta ne ba na so. Da na fito fili na ce ni Musulmi ne, ga abin da ba na ci, sai ta ɗauko biro ta rubuta ta manna a jikin firji, magana ta ƙare. Ranar Asabar mijin ya raka ni unguwar Nørrebro, inda mahautan halal suke, kuma a can ne babban masallacin da aka buɗe a 2014. Amma ku sani, tun 2014 ɗin dokarsu ta hana yanka dabba sai an sumar da ita, don haka kowa ya tambayi malaminsa kafin ya tafi. Karen ma haka aka yi: na ce ina salla a ɗakina, kada ya shiga, aka koya wa yara rufe ƙofa.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne suna. Mai gidan, dattijo sa'an mahaifina, wai in kira shi da sunansa gatsal. Farfesa ma a aji haka ake kiransa. Na gwada, harshena ya ƙi. Na koma ce wa mai gidan Baba, ya tambayi ma'anarsa, ya yi dariya ya karɓa.

Kuma kada ku ɗauka za a riƙa yi muku hidima. Sati na biyu aka sa sunana a jerin masu girki, Laraba tawa ce. Ni da ko albasa ban taɓa yankawa ba! Na kira ƙanwata ta waya, ta koya mini dafa-duka. Yajin ya yi yawa, ƙaramin yaron yana ci yana kurɓar madara, amma da ya tashi sai da ya ce tak for mad, wato na gode da abinci. Ba mai barin teburi bai faɗi haka ba.

Sai hunturu. A Disamba rana ba ta fitowa sai wajen takwas da rabi, kafin huɗu ta faɗi. Azahar da La'asar da Magariba a jere suke zuwa, kana fitowa daga aji ɗaya ka tarar biyu sun kama ka. Duhun nan yana taɓa zuciya, kada wanda ya raina shi. Na fara kulle kaina a ɗaki, Baba ya ƙwanƙwasa ya ce in fito falo. An kunna kyandir, ga shayi, kowa na abin da yake yi. Wannan zama suke kira hygge. Na ce ai hirar dare ce, tabarma kawai babu.

A irin wannan zama ne kakar yaran ta tambaye ni ko na san Numan. Na yi mamaki. Ashe tun 1913 wani likita ɗan mishan, Niels Brønnum, ya sauka can a Adamawa, kuma tana yarinya cocinsu na tara kuɗi ana aikawa. Ta taɓa jin kalmar sannu, ta riƙe ta shekara da shekaru ba ta sami wanda za ta gaya wa ba.

Na ga ana nuna mini agogo. 'Yar'uwa mai ɗaga hannu a can baya, bismilla.