Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki, daga Al'ummar Zangon Sekondi, Ƙasar Ghana

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka, da hakimai da 'yan majalisa da ke cikin tawagarka. Sarkin Zango da limamanmu. Wakilan sarakunan Ahanta, waɗanda ƙasarsu ce muke zaune a kanta. Iyayenmu mata da sauran jama'a. A madadin Hausawan Sekondi, ina yi wa Mai Martaba barka da zuwa, da fatan an sha hanya lafiya.

Ranka ya daɗe, tunda ka ratso ƙasashe domin ka ga 'ya'yanka, ya kamata mu gaya maka yadda garin nan ya kafu da abin da ya kawo kakanninmu bakin teku. Ba a haƙar zinariya a Sekondi, amma zinariya ce ta raya ta. Asalinta ƙaramin garin masunta ne na Ahanta. Mutanen Holan suka kafa gidan ciniki a kan tudun nan wajen 1642, wanda daga baya suka kewaye shi da ganuwa suka sa masa suna Fort Orange, Ingilishi kuma suka gina nasu kusa da shi a 1682, har garin ya rabu gida biyu, kowane ɓangare da Turawansa. A 1872 Holan ta miƙa wa Ingila duk abin da ta mallaka a gaɓar nan, amma ko a lokacin Sekondi ba ta kai Elmina ko Cape Coast daraja ba.

Abin da ya sauya al'amari ya faru ne cikin daji, a ƙasar Wassa. Mutanen wurin sun daɗe suna haƙar zinariya da hannu, sai ga shi wajen 1877 wani Bafaranshe mai suna Pierre Bonnat, wanda ya taɓa zama fursuna a Kumasi, ya jawo hankalin kamfanonin Turai zuwa Tarkwa. Zinariya tana nan, amma kai injuna wurinta ya zama jidali. Ana sauke su a Axim, a haura kogin Ankobra da su cikin kwale-kwale, sannan a wargaza su gunduwa-gunduwa 'yan dako su ɗauka a ka, su ratsa kurmi, domin ƙudan tsando ba ya barin doki ko jaki ya rayu a can. Kamfanoni da dama sun karye a kan kuɗin dako kaɗai.

Wannan ne ya sa gwamnatin mulkin mallaka ta yanke shawarar shimfiɗa layin dogo, ta kuma zaɓi Sekondi ta zama bakinsa. An fara aiki a 1898, jirgi ya isa Tarkwa a 1901 bayan tafiyar mil 40 ko kusa da haka, ya isa Obuasi a 1902, ya shiga Kumasi a 1903. A ganina, Allah ya ba ka nasara, waɗanda suka fi cancantar a tuna da su a wannan aiki su ne leburori, domin manyan jiragen ruwa ba sa iya matsowa gaɓa. Can nesa suke tsayawa, matuƙa kwale-kwale su yi ta kokawa da igiyar ruwa suna fito da ƙarafan dogo da tukwanen injin da kayan abincin mahaƙa. Cikin 'yan shekaru garin ya cika da Fante da Kuru daga Laberiya da Yarabawa da mutanen arewa.

Ta wannan ƙofa kakanninmu suka shigo. Fataken goro da suka saba bin hanyar Gwanja da ayari na tsawon watanni suka ga cewa huhun goro zai iya hawa jirgin ƙasa daga Kumasi zuwa nan, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ikko, daga baya kuma, da dogo ya kai Kano, ya ƙarasa gida bai bushe ba. Marigayi Alhassan Ɗantata yana cikin 'yan kasuwar arewa na farko da suka bi wannan hanya ta ruwa. Bayan fatake sai mahauta da malamai da masu masauki, Zango ya kafu.

Da aka buɗe tashar jiragen ruwa mai zurfi a Takoradi, maƙwabciyarmu, a 1928, aikin da Gwamna Guggisberg ya ɗauko, manyan jirage suka koma can, a 1946 kuma aka haɗe garuruwan biyu ƙarƙashin hukuma ɗaya. Fort Orange ya zama hasumiyar fitilar jiragen ruwa, kuma muna roƙon Mai Martaba, in lokaci ya ba da dama, ya leƙa shi tare da tsohuwar tashar jirgin ƙasa kafin ya tashi.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, ya mai da shi gida lafiya tare da tawagarsa. Wassalamu alaikum.