Darasi: Gyara Takardun Rancen Karatu na NELFUND Bayan Sauyin Doka

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Bari in gyara zaman wayar nan tukuna, yauwa, ina fata kuna ganin allon kwamfutar sosai. Yau kan rancen karatu na NELFUND, wato hukumar gwamnatin tarayya da ke ba ɗalibai rance, za mu tsaya, domin har gobe ɗalibai na shigo min shago riƙe da fayil, a ciki har da takardar garanto da suka cike tun zamanin tsohuwar doka. Ɗan'uwa, wannan takardar ta gama aiki. Ajiye ta a gida.

Ga yadda aka yi. Dokar farko, Shugaba Tinubu ya sa mata hannu ranar 12 ga Yunin 2023. A cikinta sai kuɗin shigar gidanku bai kai naira 500,000 a shekara ba sannan ka cancanta, kuma sai ka kawo masu tsaya maka mutum biyu. Ba kowa ba ne kuma zai tsaya maka: ma'aikacin gwamnati da ya kai mataki na 12, ko lauyan da ya shekara goma yana aiki, ko jami'in shari'a, irin waɗannan manyan. To ɗan talakan da ke ƙauye ina zai samo su? Ni da kaina na yi wannan yawon saboda ƙanwata. Sati biyu muna sintiri gidan wani abokin mahaifinmu, mu zauna a zaure tun bayan la'asar har a kira magariba, don dai ya yarda ya tsaya mata. Bawan Allah ya yarda kuwa, Allah ya saka masa. Kafin a kai ga amfani da alkawarin nasa, aka soke dokar aka kawo sabuwa ranar 3 ga Mayun... a'a, afuwan, 3 ga Afrilun 2024. Mayu shi ne watan da aka buɗe shafin neman rancen, ranar 24 ga wata. Sabuwar dokar ta cire garanto, ta cire iyakar kuɗin shiga, ta kuma cire hana yaro rance don iyayensa sun taɓa cin bashi ba su biya ba.

To yanzu ina yarjejeniyar rancen take? Tana cikin shafin. Ku shiga da imel ɗinku da lambar sirri, wannan ba sai na koya muku ba. Wanda bai buɗe asusu a shafin ba, da lambar JAMB da NIN da BVN ake buɗewa, minti kaɗan ne. Ni na fi son yi a kwamfuta, don a waya rubutun sharuɗɗan yana ƙanƙancewa, mutum ya yi ta wucewa bai karanta ba. Amma in waya gare ka, ta wadatar, ka kwantar da ita a kwance kawai.

Kafin ku danna neman rance, ku tsaya a wurin bayananku. Nan ne wurin da ya fi ba ni wahala, don haka ku yi haƙuri zan daɗe a kansa. Ɗauko takardar NIN ɗinka, ɗauko takardar JAMB, sannan ka duba sunan da ke kan BVN. Jera su a gabanka ka karanta harafi bayan harafi. Mu nan Arewa sunanmu ɗaya yana da rubutu kala uku: Muhammad a nan, Mohammed a can, Muhammed a wata takardar. Wani a JAMB ya sa sunan garinsu a ƙarshe, a banki kuma sunan kakansa ne. Wata sunan mahaifinta ne a farko a takarda ɗaya, a ɗayar kuma nata ne a farko. Kai a wurinka duk kai ne, amma kwamfuta ba ta san haka ba. Haka ranar haihuwa. Da yawanmu an rubuta mana 1 ga Janairu a wani wuri, a wani wurin kuma ainihin ranar. Idan ka ga sun saɓa, kada ka yi ta danna maɓalli kana cewa matsalar netwok ce. Je ka inda kuskuren yake a gyara: na BVN a bankinka, na NIN a ofishin katin ɗan ƙasa. In kuma shafin ya ce bai ga bayananka na makaranta ba, to makarantarku ce ke ɗora sunayen ɗalibanta, sai ka je ofishin kula da harkokin ɗalibai da lambar matirik ɗinka ka yi magana. Na sake maimaitawa: harafi bayan harafi.

Yauwa, mu danna neman rance. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, ba ya biyowa ta hannunka. Ga kuma wurin kuɗin kashewa, naira 20,000 a wata, wannan shi ke shiga asusunka. Zaɓi ne, in kana so ka sa alama. A tsohuwar doka babu shi, kuɗin makaranta kaɗai ta sani. Shawarata, in gida na iya ɗaukar nauyin cinka da kuɗin mota, bar shi, don shi ma bashi ne, ana tara maka shi. In kuwa ka san da ƙyar ake kai wa ƙarshen wata, karɓi abinka ba kunya. Asusun dai ya zama naka ne da sunanka, ba na yayanka ba.

Sai ɗora takardar admishan. Bari in jawo ta... au, wannan katin makaranta ne na ɗauko, ga ta nan ƙasa. Ku yi mata sikanin mai kyau, kada a ɗauke ta a kan tabarma da inuwar hannu a kai. Wanda ke kusa da mu ya leƙo shago, muna yin sikanin, mu rage wa fayil nauyi in ya ƙi hawa, mu buga maka kwafi. Kuɗin aikinmu kawai za ka biya. Neman rancen kansa kyauta ne, duk wanda ya ce ka ba shi wani abu zai sa a amince maka da wuri, riƙe kuɗinka.

To ga inda nake so kowa ya nutsu. Wannan ɗan akwatin da za ka sa wa alama, shi ne sa hannunka. Shi ya maye gurbin duk waccan tarin takardar. Buɗe sharuɗɗan ka karanta. Babu kuɗin ruwa, wannan ya kwantar wa iyaye da yawa hankali. Biya yana farawa shekara biyu bayan ka gama bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashinka daga wurin aiki, mai sana'ar kansa kuma ya riƙa biyan kashi 10 na ribarsa. In lokacin ya yi ba ka da aiki, ba shiru za ka yi ba, takardar rantsuwa za ka kai cewa ba ka da abin shiga, a ɗaga maka ƙafa. Wanda ya yi ƙarya a ciki, doka ta tanadi ɗaurin shekara uku. In rai ya yi halinsa, sabuwar doka ta ba da damar a yafe bashin. Akwai kuma wanda aka rubuta GSI, ku karanta shi sau biyu: izini ne kake bayarwa cewa in ka ƙi biya, a iya cirowa daga duk asusun da ke ɗauke da BVN ɗinka, ko a wane banki yake.

Na sa alama, na tura. Ku ɗauki hoton wannan shafin da ranar da kuka tura, ku ajiye kwafin sharuɗɗan a imel. Sabon zangon shekara in ya zo, sai an sake nema, kuma a sake karanta sharuɗɗan, kada a ce ai na bara ne. Wanda nasa ya tsaya a matakin tantancewar makaranta, ya rubuto min a ƙasa ya faɗi abin da shafin ya nuna masa, amma don Allah kada a sa BVN ko NIN a fili. Ga wasu ɗalibai nan sun shigo, bari in sallame su. Sai mun haɗu a darasi na gaba, wassalamu alaikum.