Kujera arba'in, mutum huɗu: hira kan tarukan marubuta a shagunan littattafai

Malam: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fodkas namu. Yau ma mu uku ne, ga Hajiya ga Auta, kuma kafin mu kunna makirufo har sun fara musu, dan haka na ce su dakata mu yi shi a gabanku.

Hajiya: Ai ba musu ba ne Malam, yaron nan ne ya faɗi maganar da ta min zafi.

Auta: To ni me na ce? Cewa na yi taron da shagon littattafai ke shiryawa, a gayyato marubuci ya zo ya karanta shafi biyu ya sa hannu a littafi, talla ce kawai aka sa mata babbar riga. Ƙarya na yi?

Hajiya: Da talla ce da tuni an daina, dan tallar da ba ta kawo kuɗi ba wanda ke maimaita ta. Ni fa na yi aiki a irin shagon nan, ƙaramin shago mai zaman kansa wanda ba reshen wani babban kamfani ba ne, mai shi yana nan zaune a ciki kullum, kusan shekara uku ina can kuma ni ce mai jera kujeru.

Malam: To ba mu labarin kujerun, dan na san akwai wanda kike so ki bayar.

Hajiya: Wallahi akwai. Wani dare muka gayyato wata marubuciya, littafinta na farko kenan, mun yi sati uku muna sanarwa, mun manna takarda a ƙofa mun tura saƙo ga duk wanda ya taɓa barin lambarsa, na ture kantocin tsakiya gefe na jera kujera arba'in, mai shago ya yi odar kwafi talatin daga wajen masu rarrabawa. Lokaci ya yi, mutum huɗu. Huɗun ma ɗaya ƙanwar marubuciyar ce, ɗaya kuma ruwan sama ne ya koro shi ya shigo fakewa, da ya ga ana kallonsa sai kunya ta sa ya zauna.

Auta: Innalillahi. Ni da ni ne marubucin ta ƙofar baya zan sulale.

Hajiya: Ita ko gezau. Ta ce mu kwashe kujerun mu bar shida mu yi da'ira, ta ajiye takardar da ta shirya, aka yi hira ta kusan awa biyu. Mutumin ruwan saman nan shi ya fi kowa tambaya, ƙarshe ya sayi biyu. Kwafi uku muka sayar a daren gaba ɗaya.

Auta: To kun gani, asara kenan.

Hajiya: Asara ce mana, ban musa ba. Ka lissafa, abin da shago ke samu a kan littafi ɗaya bai wuce wajen kashi 40 cikin 100 na kuɗin da ke bango ba, a ciki za a biya haya da wuta da ma'aikacin da ya tsaya bayan lokacin tashi. Sauran kwafin da ba a sayar ba kuma ko ka mayar wa kamfanin ɗab'i, dan yawanci a kan sharaɗin mayarwa ake karɓo su, amma kai za ka ɗaure katan ka biya kuɗin aikawa, ko ka roƙi marubucin ya sa musu hannu ka manna ɗan tambari a bango ka ajiye kusa da teburin biya kana addu'a.

Malam: Kuma abin da Auta bai sani ba, wannan lissafin da bai fita ba ba yau ya fara ba. Ka san shagon littattafan nan Shakespeare and Company na Paris?

Auta: Wanda 'yan yawon buɗe ido ke layi suna hoto a ƙofarsa? Na sha gani a Instagram.

Malam: Wancan na biyu ne. Na farkon wata Ba'amurkiya ce Sylvia Beach ta buɗe a 1919, ita ce ma ta buga littafin Ulysses na James Joyce a 1922 lokacin da kamfanonin Ingila da Amurka ke tsoron taɓa shi, ka ga mai shago ta koma mai buga littattafai. To da tattalin arziki ya karye a shekarun 1930, Amurkawan da ke saye suka koma gida, shagon ya kusa rufewa. Sai marubucin Faransa André Gide ya tara marubuta aka kafa ƙungiyar abokan shagon a 1936, mutum ya biya kuɗin shekara, a madadin haka yana da kujera a duk karatun da za a yi a cikin shagon. Shi Gide ya karanta, Paul Valéry ya karanta, T. S. Eliot ya zo daga Landan, har Hemingway ya yi nasa. Kuɗin kujerun nan ne suka riƙe shagon.

Auta: Au, ashe tikiti ma tsohon abu ne. Ni na ɗauka yanzu aka ƙirƙiro dan a tatse mu.

Malam: Tsoho ne. Shagon ya rayu har 1941 lokacin da sojojin Jamus ke riƙe da Paris, aka rufe, ba ta sake buɗewa ba. Wanda kake gani a hoto George Whitman ne ya buɗe shi a 1951 da wani suna daban, sai a 1964 ya sa masa sunan shagon Sylvia Beach. Shi kuma nasa salon, marubuci matashi da ba shi da wurin kwana ya zo ya kwana a tsakanin kantoci, sharaɗin ya taya aiki na 'yan awowi, ya karanta littafi kullum, ya rubuta tarihin rayuwarsa a shafi ɗaya ya bari.

Hajiya: Littafi ɗaya kullum? Auta da kwana biyu za a kore shi.

Auta: Haba Hajiya, ai akwai ƙananan littattafai. Amma ku tsaya, duk wannan zamanin da babu waya ne. Yanzu marubuci zai kunna bidiyo kai tsaye mutum dubu su kalla daga kan gado, lokacin korona ma ai duk a Zoom aka koma yi, me zai sa in yi wanka in fita dan in zauna a kujerar roba?

Hajiya: Na halarci na Zoom ɗin da yawa, kuma ba zan ce ba su da amfani ba, wanda ke nesa ko mara lafiya ko mai jego ya samu shiga. Amma ana gamawa fuska ta ɓace, shikenan kana ɗakinka kai kaɗai. A shago kuwa ainihin taron bayan an tashi yake farawa, a layin sa hannu. Mutum ya tsaya minti ashirin da wanda bai sani ba, duk suna rungume da littafi iri ɗaya, dole a yi magana. Ƙungiyar karatu biyu na san a layin nan aka haife su. Kuma a nan za ka ga abin mamaki, wani zai iso gaban marubucin ya kasa cewa komai, wata kuma ta fashe da kuka ta ce littafin nan ne na karanta a asibiti ina jinyar mahaifiyata.

Malam: Ke kuma kina gefe da 'yar takarda.

Hajiya: Ina bin layi ina tambayar kowa sunansa ina rubutawa ina maƙalawa a shafin da za a sa hannu, dan in marubuci ya kuskure harafi ɗaya a sunan mutum da biro, wannan kwafin ya zama namu, ba mai saye. Aikin da ba wanda ke gani kenan.

Auta: To ni abin da ke kashe min jiki a tarukan nan lokacin tambayoyi ne. Kullum sai an samu wani ya miƙe ya ce ni ba tambaya gare ni ba, ɗan tsokaci ne, sai ya kwashe minti goma yana ba da tarihin kakansa, ƙarshe ma ashe shi ma ya rubuta littafi yana neman wanda zai buga masa.

Hajiya: Hahaha wannan ko'ina akwai shi, kamar tare ake haifarsu. Shi ya sa mai gabatarwa ya fi marubucin muhimmanci a wani lokacin. In ya karanta littafin da gaske, ya san inda zai taɓo, ya kuma iya katse mai dogon tsokaci ba tare da ya ci masa fuska ba, taro ya yi daɗi. In kuwa bayan bango kawai ya karanta a mota, kowa zai gane. Kuma dan Allah marubuta, karatu kar ya wuce minti goma sha biyar, ba kowane mai iya rubutu ne ya iya karantawa a bainar jama'a ba, wani kansa a ƙasa yana gunguni kamar mai biya hadda.

Malam: Ni inda nake so in ja hankalin Auta shi ne, akwai wuraren da shagon ne kaɗai ɗakin da aka yarda mutane su taru su ji irin wannan magana. A Harlem ta birnin Niyok akwai shagon Lewis Michaux, ya buɗe a shekarun 1930 ya kai har 1974, littattafan baƙar fata da tarihin Afirka yake sayarwa a lokacin da ake ce masa baƙi ba sa karatu. A bakin ƙofar shagon ake kafa dandamali, Malcolm X ya sha yin jawabi a wurin. A Landan kuma John La Rose ɗan Trinidad da Sarah White suka kafa kamfanin buga littattafai da sayar da su mai suna New Beacon Books a 1966, marubutan Karibiyan da na Afirka nan ne matattararsu, har suka haɗu da wasu suka fara baje kolin littattafan baƙar fata a 1982. Da suka sanar a ƙarshen 2021 cewa za su rufe shagon, cikin 'yan kwanaki jama'a suka yi karo-karo a intanet aka fasa.

Auta: To wannan na yarda ya wuce talla.

Malam: Waɗanda suka ba da kuɗin nan ai ba rangwame suke tunawa ba, shagon bai taɓa iya gasa da manya a farashi ba. Wani dare suke tunawa da suka zauna a ciki.

Hajiya: Yauwa Malam, kun kawo ni inda ke min ciwo, maganar farashi. Mutum zai zo taro kyauta, ya zauna a kujerar da na jera, ya sha hira, ya yi hoto da marubuci, sannan a gabana ya ciro waya ya duba Amazon ya ga ya fi araha ya yi oda. Wani ma da kwafin da ya saya a can zai zo a sa masa hannu, ko kunya.

Auta: To Hajiya in aljihun mutum bai kai ba fa? Ɗalibi ne misali.

Hajiya: Ɗalibi daban, shi ko bai sayi komai ba ina murna da zuwansa, gobe shi ne mai saye. Ina maganar wanda agogon hannunsa ya fi kantar gaba ɗaya tsada. Shi ya sa shaguna da yawa yanzu in babban marubuci ne sai su ce tikitinka shi ne littafin, ka saya a wurinmu ka shiga. Da ina ganin rowa ce, da na riƙe littafin lissafi na daina gani haka.

Malam: Wasu ƙasashen doka ce ta raba gardamar. Faransa tun 1981 suke da dokar da ake kira da sunan ministan al'adunsu Jack Lang, kamfanin ɗab'i ne ke yanka farashi, kuma ba mai sayarwa da zai rage fiye da kashi 5 cikin 100, ko babban kanti ne ko na intanet. Jamus ma farashin littafi a ƙayyade yake. Ingila suna da irin wannan yarjejeniya tun 1900, ta rushe a tsakiyar shekarun 1990, manyan kantuna suka shiga karya farashi. Dan haka a Paris wanda ya ciro waya a gabanki ba abin kirki da zai rage.

Hajiya: Kai, da na huta da hawan jini.

Auta: To ni tambayata ta ƙarshe, shi marubucin me ya samu? Ya biya kuɗin mota, wataƙila ma shi ya biya masauki dan ba kowa kamfani ke ɗaukar wa nauyi ba, ya zo ya tarar da mutum huɗu.

Hajiya: Ya samu mu. Marubuciyar nan da na ba ku labari, bayan daren nan duk ma'aikatan shagon mun karanta littafinta dan mun ji kunyar abin da ya faru, kuma ya yi daɗi, sai ya zama duk wanda ya shigo ya ce a ba shi shawara ita muke miƙa masa. Kwafi ashirin da bakwai ɗin nan ko ɗaya ba mu mayar ba, a hankali suka ƙare har muka sake oda.

Auta: Mutumin ruwan saman fa, ya sake dawowa?

Hajiya: Ya dawo bayan sati biyu neman lemarsa da ya manta. Ba mu gan ta ba, amma ya tafi da wani littafin.

Malam: To lokaci ya cinye mu. Auta, an ce akwai taro ranar Asabar, za ka?

Auta: Zan je, amma kujerar baya zan zauna kusa da ƙofa, in mai tsokaci ya miƙe in fice.

Hajiya: Ka zo da wuri dai ka taya su jera kujeru. Sai mun haɗu a shiri na gaba jama'a, a huta lafiya.